Tarihin Faɗaɗa Ikon Hukumomin Ba da Lasisin Sana'o'i a Jihohin Amurka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hukumomin ba da lasisin sana'o'i na jihohin Amurka suka sami iko a doka, da yadda ikon ya yi ta faɗi, da kuma yadda ake tsawaita wa'adinsa. Hukumomin da ake nufi su ne waɗanda majalisar dokokin jiha take kafawa, ta ɗora musu alhakin tantance wanda ya cancanci yin wata sana'a, kamar likitanci ko aski ko sayar da magani. Galibin 'yan kowace hukuma masu yin sana'ar ne da kansu. Mai karatu zai iya tuna Sarkin Aska da Sarkin Ƙira a ƙasar Hausa, waɗanda ake naɗawa su shugabanci 'yan sana'arsu. Bambancin shi ne, a Amurka rubutacciyar doka ce take ba da ikon, kotu kuma take auna shi. Abin da za a nuna shi ne, ikon nan aro ne daga hannun jama'a, amma da aka daɗe ana cin moriyarsa sai ya zama tamkar gado.

2.0 Kafuwar Iko

A farkon ƙarni na 19 jihohi da dama suna da dokokin da suka ba ƙungiyoyin likitoci damar tantance masu shiga sana'ar. Amma a tsakanin shekarun 1830 da 1840 aka soke akasarinsu, domin jama'a sun ɗauke su a matsayin dabarar masu gata ta toshe wa talaka hanyar abinci. Almajiran Samuel Thomson, mai maganin itatuwa, suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan haka. Wannan ya sa aka shafe shekaru kusan kowa na iya kiran kansa likita.

Bayan yaƙin basasar Amurka sai al'amari ya juya. Ƙungiyar Likitocin Amurka, wadda aka kafa a 1847, ta yi ta matsa wa majalisu lamba. Jihar Teksas ta yi dokar jarraba likitoci a 1873, wasu jihohi kuma suka bi baya. Tambayar da ta rage ita ce: shin jiha tana da hurumin hana mutum sana'ar da yake ci da ita?

Kotun Ƙolin Amurka ta amsa wannan tambaya a 1889. Dokar jihar Virginia ta Yamma ta 1882 ta shata hanyoyi uku na samun lasisin likitanci, watau takardar shaida daga amintacciyar kwaleji, ko shekara 10 ana aikin a jihar, ko cin jarrabawar hukuma. Wani mai suna Frank Dent ya fara aiki tun 1876, amma hukuma ta ƙi amincewa da kwalejin da ta ba shi takarda. Ya ci gaba da duba marasa lafiya, aka ci shi tarar dala 50, ya ɗaukaka ƙara. Alƙalai baki ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Stephen Field, suka goyi bayan jiha. Hujjarsu ita ce, marar lafiya ba shi da hanyar gane gwani daga ɗan koyo, don haka wajibi ne hukuma ta gane masa. A kan wannan hujja aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

3.0 Faɗaɗar Iko

Ikon ya faɗaɗa ta fuska uku. Fuska ta farko ita ce halin mai sana'a. A shari'ar Hawker da jihar New York, a 1898, kotu ta yarda jiha ta hana wanda aka taɓa samu da babban laifi yin likitanci, ko da ya gama zaman kurkukunsa tun kafin a kafa dokar. Daga nan hukumomi suka sami damar binciken ɗabi'a, ban da binciken ilmi.

Fuska ta biyu ita ce yawan sana'o'i. Abin da aka fara da likitoci ya bazu zuwa ga masu aski da masu gyaran gashi da dillalan gidaje da masu jana'iza, har a jihar Luwiziyana ya kai ga masu shirya furanni. Sau da yawa 'yan sana'ar ne da kansu suke zuwa majalisa su roƙi a kafa musu hukuma, domin lasisi yana rage abokan hamayya, yana kuma ɗaga farashi. Wani rahoto da Fadar Shugaban Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa a shekarun 1950 kimanin kashi 5 cikin 100 na ma'aikata ne suke buƙatar lasisin jiha, amma a lokacin rahoton adadin ya kai kimanin kashi 25 cikin 100.

Fuska ta uku ita ce iyakar sana'a, watau ikon cewa aiki kaza na sana'a kaza ne. A 1955 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wata dokar Oklahoma da ta hana masu haɗa tabarau sanya gilashi a sabon kango sai da takardar likitan ido ko ma'aunin gani. Kotu ta ce ko da dokar tana da ɓarna, majalisa ce ke da alhakin auna amfaninta. Kafin wannan, a 1943, cikin shari'ar Parker da Brown a kan cinikin zabibi a Kalifoniya, ta riga ta yanke cewa dokar tarayya ta hana babakere a kasuwa ba ta hau kan jiha ba. Hukumomin lasisi suka fake a wannan inuwa shekaru masu yawa.

4.0 Dokar Faɗuwar Rana

Suka ta fara ƙarfi a shekarun 1960. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ware babi guda a wani littafinsa na 1962 yana kwatanta lasisi da ƙungiyoyin sana'a na Turai na zamanin da. A 1976 jihar Kolorado ta ɓullo da wani magani, aka yi masa laƙabi da dokar faɗuwar rana. Ma'anarta ita ce, a yanka wa kowace hukuma wa'adi. In ya cika sai ta rushe da kanta, sai fa in majalisa ta bincike ta, ta gamsu, ta tsawaita mata iko. Teksas ta kafa irinta a 1977, inda wa'adin ya fi zama shekara 12. Cikin 'yan shekaru fiye da jihohi 30 suka ɗauki wannan tsari.

Sai dai ba a cika ganin ranar babbar hukuma ta faɗi ba. Dalili kuwa a fili yake: 'yan sana'a suna da ƙungiya da lauyoyi da bakin magana a majalisa, mai saye kuwa shi kaɗai yake. Kazalika, rushe hukumar likitoci yana nufin tsayar da ba sababbin likitoci lasisi, abin da babu ɗan majalisar da zai so a ɗora masa. An ga misalin haka a Teksas a 2017. Saɓani tsakanin majalisun jihar biyu a kan wasu dokoki dabam ya sa aka tashi zama ba a tsawaita wa'adin Hukumar Likitoci ba. Dole Gwamna Greg Abbott ya kira zama na musamman a watan Yuli, aka ƙara mata shekara biyu, sa'an nan a 2019 aka ba ta dogon wa'adi. Amfanin dokar ya fi fitowa wajen tilasta bincike da gyare-gyare, kamar sanya waɗanda ba 'yan sana'a ba cikin hukuma.

5.0 Kotu Ta Ja Linzami

A 2012 wata kotun tarayya a jihar Yuta ta saurari ƙarar wata makitsiya 'yar asalin Saliyo. An ce ba za ta yi kitso don kuɗi ba sai ta yi karatun gyaran jiki na awa 2,000, alhali manhajar ba ta taɓa kitso ba sai kaɗan. Kotu ta ce wannan sharaɗi bai dace da hankali ba.

Hukuncin da ya fi girma ya zo a 2015. Hukumar likitocin haƙori ta Karolina ta Arewa tana da mutum 8, 6 daga cikinsu likitocin haƙori ne masu aiki, waɗanda 'yan'uwansu suka zaɓa. Tun daga 2006 ta riƙa aika wasiƙun gargaɗi ga masu shagunan haskaka haƙori, waɗanda suke yin aikin da araha, har suka bar kasuwar jihar. Hukumar Ciniki ta Tarayya ta tuhume ta da babakere. Alƙalai 6 cikin 9, ta bakin Mai Shari'a Anthony Kennedy, suka yanke cewa hukumar da 'yan kasuwar sana'a suka fi rinjaye a cikinta ba za ta fake da sunan jiha ba, sai in jihar tana sa ido a kanta da gaske. A taƙaice, in an ba kura ajiyar nama, to, a tsayar da mai gadi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hujjar 1889 tana nan daram: akwai sana'o'in da kuskure a cikinsu yake cin rai, mai saye kuma ba ya iya auna gwanintar mai yinsu. Matsalar ta taso ne da aka shimfiɗa wannan hujja har ta rufe likitan tiyata da makitsiya da mayafi ɗaya. Saboda haka, duk lokacin da majalisa ta zauna don faɗaɗa ikon wata hukuma ko tsawaita shi, tambayoyi uku ne suka kamata ta amsa: wace cuta ake tsare jama'a daga gare ta, su wa za a hana abinci, kuma wa zai binciki masu binciken.