Kazaure a Ma'aunin Ibn Khaldun

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan tashi da faɗuwar dauloli, sai ka ga ya nufi Rum ko Bagadaza ko Songhai, kamar a ƙofar gidanmu babu abin dubawa. Alhali ƙaramar masarauta irin Kazaure ta fi sauƙin nazari, domin an san wanda ya kafa ta, an san shekarar, gidan kuma yana nan har yau. Da ita nake so in gwada ra'ayin da ya fi kowanne shahara a wannan fage.

A Muƙaddimarsa ta 1377, Ibn Khaldun ya ce daula tana tasowa ne daga mutanen gefe, waɗanda wahala ta haɗa kansu, abin da ya kira asabiyya. Su ne ke cin birni. In sun zauna sun ji daɗi, ɗa ya rage himma, jika ya manta da ita ɗungum, sai wasu na gefen su zo su ture su. Ya ƙiyasta wa daula kimanin shekara 120.

A kan haihuwar daula, Kazaure ta gaskata shi. Ɗan Tunku, wanda ya kafa ta, Bafulatani daga Yarimawa, ba ɗan birni ba ne. Ƙarfinsa yana wajen Dambatta, kusa da inda ƙasashen Kano da Katsina da Daura suka haɗu, kuma amfaninsa ga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi ne ya hana sarakunan Haɓen nan uku haɗa rundunarsu. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yin mubaya'a. Aka shafe kusan shekara biyar ana gwabzawa, Kano da duk yawan dawakinta ta kasa gamawa da shi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure da cin gashin kanta. Ɗansa Dambo, wanda ya gaje shi a 1824, shi ya zaunar da sarautar a tsakanin duwatsun Kazaure. Bello kuwa ba alfarma kaɗai ya yi ba. Sakkwato na bukatar mai gadin iyakar arewa, kuma ba za ta ƙi Kano ta san cewa akwai na gaba da ita ba.

Wajen tsufa da mutuwa ne lissafin ya sha bamban. In aka ɗora 120 a kan 1819, ya kamata a ce gidan Ɗan Tunku ya watse wajen 1939. Ga shi ya haura shekara 200, Sarki Najib Hussaini Adamu yana kan gado tun 1998. Maƙwabciyarta Daura ma ta ƙara rikita lissafin: gidan Haɓen da jihadi ya kora zuwa Zango da Baure, Turawa suka maido da shi a 1906 ta hannun Malam Musa. Wanda aka yi wa jana'iza a littafi, ga shi ana buga masa tambari.

To, ashe ba a tsufa ke nan? An tsufa, sai dai mun saba duban rawani, alhali abin dubawa shi ne wa ke karɓar haraji, wa ke yanke hukunci. Bayan faɗuwar Kano a 1903, takobi ya koma hannun Razdan. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe saura, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano bayan hawansa a 1979. Yau Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Kazaure ƙananan hukumomi ne da ke jiran kaso daga Abuja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da jin daɗin jikoki ya jawo.

Damagaram ta fi fito da abin fili. A zamanin Sarki Tanimu, ayarin Tarabulus ya cika mata taska, ta sayi bindigogi, ta ƙera igwa, ta hana garuruwan arewacin Kano barci. Faransawa suka ci Zinder, babban birninta, a 1899. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya baya ga Sahara ya fuskanci Ikko, sannan a 1926 aka ɗauke hedikwatar Nijar daga Zinder zuwa Yamai. Garuruwa irin Babura, da ke kan hanyar masu wucewa arewa, suka wayi gari a bakin iyakar ƙasa. Hanya ce ta kauce, ba zuciyar mutane ba.

Mai kare Ibn Khaldun zai ce bugun waje ba ya kada daula sai ta ruɓe daga ciki, ya kawo Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903 sun bar gida da gona saboda aƙida ɗaya, babu haɗin kan da ya wuce wannan, kuma bindiga mai ruwan harsashi ta gama da su. Haka Songhai ta ji a Tondibi a 1591, gaban 'yan bindigar Maroko da ba su kai ta yawa ba.

Hukuncina shi ne, asabiyya ta bayyana yadda aka kafa Kazaure, amma ba ta bayyana yadda iko ya bar fadarta ba. Wannan aikin makami ne da hanyar ciniki da dokar haraji, kuma duka ukun daga nesa aka shirya su.