Gilashin tace launi a hoton baƙi da fari

Gilashin tace launi, wanda ake kira filta, ɗan faifan gilashi ne mai launi da ake ɗaurawa a bakin kyamara kafin a ɗauki hoto. A hoton baƙi da fari kowane launi yana komawa toka-toka, wani mai haske, wani mai duhu. Matsalar ita ce launuka biyu da ido ke bambantawa sarai suna iya fitowa iri ɗaya. Rigar dogarai ta ja da tsanwa, irin wadda ake gani a hawan salla a Maraɗi da Tsibirin Gobir, takan fito kamar yadi guda in ba a sa filta ba.

Ƙa'idar aikinsa ɗaya ce: filta yana barin hasken launinsa ya wuce, ya tare na kishiyarsa. Don haka abin da ke da launin filtan yakan yi haske a hoto, kishiyarsa kuma ya yi duhu. Jan filta zai haskaka jan ƙyallen rigar dogari ya duhunta tsanwan. Tsanwan filta kuwa akasin haka zai yi.

Asalinsa

Faranti da fim na farko shuɗin haske suka fi ji, shi ya sa a tsofaffin hotuna sama takan fito fari fat, ja kuma ya koma baƙi. A 1873 Bajamushe Hermann Vogel ya gano cewa rini na iya sa farantin ya ji wasu launuka. A 1906 kamfanin Wratten & Wainwright na Ingila ya fara sayar da faranti mai jin dukkan launuka, Kodak ya saye kamfanin a 1912. Har yau da lambobin Wratten ake sanin filta.

Ire-irensa

Rawaya, lamba 8, shi ne na yau da kullum. Yana ɗan duhunta sama, gajimaren damina ya fito fili.

Ruwan lemo, lamba 21, ya fi rawaya ƙarfi. Yana haskaka katangar jan laka da fuskar mutum, yana kuma rage tabon fata.

Ja, lamba 25, yana mai da shuɗin sama kusan baƙi. Da jan filta Ba'amurke Ansel Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na dutsen Half Dome a 1927.

Tsanwa, lamba 11 ko 58, na ganye ne. A gonakin noman rani na Jiratawa, shi zai raba zogale da ƙasar da yake kai.

Shuɗi, lamba 47, yana haskaka tufar da aka rina da baba, amma yana duhunta fata, ya fito da kowane tabo.

Abin kula

Filta yana cin haske. Rawaya na bukatar a ninka hasken da ke shiga kyamara sau biyu, ja kuma wajen sau takwas. Wanda ya manta da wannan, hotonsa zai fito da duhu.

Hoton biki ma yana son lura. Jan filta yana gyara fuskar amarya, amma yana kashe jan lallen hannunta, domin lallen da fatar duka za su yi haske. In lallen ake son nunawa, tsanwa ya fi. Haka kuma a lokacin hunturu: ja yana rage hazon nesa mai shuɗi-shuɗi, amma ba ya ratsa ƙura mai kauri.

A zamanin waya

Masu ɗakin hoto a Sabon Gari da sauran unguwanni yanzu da kyamarar zamani da kwamfuta suke aiki, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Manhajoji irin su Snapseed da Photoshop suna ba da damar zaɓen filta lokacin da ake mai da hoto baƙi da fari. Sharaɗin shi ne a ɗauki hoton da launinsa tukuna. Hoton da aka adana baƙi da fari tun farko ya riga ya rasa launin da za a tace.