Daga Iska zuwa Jijiya: Tarihin Fahimtar Taɓin Hankali a Kano

Kalmar taɓin hankali tana ɗauke da tsohuwar fahimtar Hausawa game da wannan ciwo, domin tana nuna cewa wani abu ne daga waje ya taɓa mutum, ko dai iska, wato aljani, ko sammun da maƙiyi ya yi masa. A kan haka aka gina maganin gargajiya a ƙasar Kano, inda 'yan bori ke yin girka domin sasanta majinyaci da iskar da ta hau shi, malamai ke ba da rubutun sha da tofi, idan kuma ciwon ya kai ga duka ko shiga duniya, sai a sa wa mutum mari ko a ɗaure shi a turu. Turawan da suka ci Kano a 1903 ba su zo da abin da ya fi turu ba, domin dokarsu ta 1916 ta tsare mahaukata ce, kuma kwaskwarimarta ta 1958 ita ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sauyin ya faro ne da maganin kuloforomazin, wanda aka fara ba masu wannan ciwo a Faris a 1952, sannan da aikin Dakta Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro, wanda daga 1954 ya riƙa saukar da majinyata tare da danginsu a ƙauyuka maimakon kulle su. A Kano, asibitin Dawanau ne sunan da ya fi zama a bakin jama'a, sai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake kan titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi a ƙaramar hukumar Tarauni, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon wani bayani dabam game da ciwon.

Bayanin shi ne cewa ƙwaƙwalwa sassa ce masu aiki tare, waɗanda zaruruwan jijiya masu farin rufi suka haɗa, kamar yadda hanyoyi ke haɗa unguwannin gari. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitan Jamus Carl Wernicke ya yi hasashen cewa tsinkewar wannan sadarwa ce ke haifar da hauka, kuma sunan sikizofiriniya da Eugen Bleuler ya ƙirƙira wa wani nau'in ciwon a 1908 ma'anarsa rabewar ayyukan hankali. Hujja ta gani da ido ta jira zuwan na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, har a 2018 gamayyar masu bincike ta ENIGMA ta kwatanta hotunan mutane sama da 4,000, ta sami rauni a zaruruwan wurare da dama, musamman gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu. Wasu masana suna ganin idan sadarwa ta raunana tsakanin sashen da ke tsara magana da wanda ke jin sauti, mutum zai ji zancen zucinsa kamar muryar wani, wanda shi ne ainihin abin da dangi ke kira maganar aljani.

Sai dai bambancin da hotunan ke nunawa ƙanƙane ne, ba ya fitowa sai an tara jama'a da yawa, kuma mafi yawan waɗanda aka auna ba 'yan Afirka ba ne. Saboda haka likitan da ke zaune a Tarauni ba da hoto yake gane ciwon ba, da sauraro ne, daga bakin majinyaci da na uwa ko matar da ta ga ranar da barci ya ƙaurace masa. Abin damuwa shi ne sau da yawa wannan zama yana zuwa ne bayan an shafe watanni ana rukiyya da hayaƙi, alhali bincike ya nuna cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar komawar mutum kasuwarsa ko makarantarsa.