Jami'ar Kiɗa da Wasannin Dandamali ta Viyana: tarihinta da darussanta

Jami'ar Kiɗa da Wasannin Dandamali ta Viyana, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na Jamusanci, mdw, tana babban birnin ƙasar Ostiriya. Tana cikin manyan makarantun kiɗa mafi daɗewa a Turai, kuma tana da ɗalibai kimanin 3,000 daga ƙasashe kusan 70.

Asalinta

Ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Wata ƙungiya ce ta masu sha'awar kiɗa a Viyana, wadda aka kafa a 1812, ta buɗe ajin koyon rera waƙa a 1817 ƙarƙashin jagorancin Antonio Salieri, babban makaɗin fadar sarki. A 1819 aka ƙara ajin goge irin na Turawa, daga nan sauran kayan kiɗa suka biyo baya. Tarzomar juyin juya hali ta 1848 ta sa aka rufe makarantar, sai a 1851 aka sake buɗe ta. A shekarun da suka biyo, Anton Bruckner ya koyar a cikinta, Gustav Mahler kuma ya yi karatu.

A 1909 gwamnati ta karɓi makarantar daga hannun ƙungiyar. Ta zama babbar makaranta a 1970, sannan ta samu cikakken matsayin jami'a a 1998. Ulrike Sych, wadda ta hau kujerar shugabanci a 2015, ita ce mace ta farko da ta shugabance ta.

Tabon 1938

Lokacin da Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya a 1938, an kori malamai da ɗalibai Yahudawa daga makarantar. Wasu sun yi gudun hijira, wasu kuma sun mutu a sansanonin ƴan Nazi, ayyukansu suka ɓace daga dandamali na shekaru da dama. Yau jami'ar tana da cibiya mai suna exil.arte, wadda take tattara takardu da rubutaccen kiɗan mutanen da aka kora a wancan zamani, don a adana su a kuma sake kaɗa su.

Abin da ake koyarwa

Akwai darussan digiri na farko da na biyu da na uku. A fannin kiɗa ana koyar da kayan kiɗa iri-iri, da rera waƙa, da tsara kiɗa, da jagorancin babbar ƙungiyar makaɗa. Claudio Abbado da Zubin Mehta, waɗanda suka yi suna a wannan jagoranci, a nan suka yi karatu wajen malami Hans Swarowsky. Ana kuma horar da malaman kiɗa na makarantu, da masu naɗar sauti, da masu amfani da kiɗa wajen jinyar marasa lafiya, horon da aka fara a Viyana tun 1959.

Wasan kwaikwayo yana da sashensa, mai ɗauke da sunan Max Reinhardt, darektan da ya kafa shi a ƙarshen shekarun 1920. Sashen fim kuma yana koyar da ba da umarni, da rubutun labari, da ɗaukar hoto, da tace fim. Michael Haneke, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Kan sau biyu, ya koyar a wannan sashe.

Takardar kammala sakandare kaɗai ba ta isa ta shigar da mutum darussan fasaha ba. Dole mai nema ya ci jarrabawar shiga, inda zai kaɗa ko ya rera ko ya yi wasa a gaban malamai. Yawancin darussa da Jamusanci ake yin su.

Kiɗan tsiraru

Tun 1965 jami'ar take da sashen nazarin kiɗan gargajiya. Malama Ursula Hemetek ta yi shekaru tana bincike a kan kiɗan tsirarun Ostiriya, musamman ƴan ƙabilar Roma da Kurowatawan lardin Burgenland. A 2018 ta ci kyautar Wittgenstein, mafi girma a fagen bincike a ƙasar, kuma da kuɗin kyautar aka kafa cibiyar nazarin kiɗa da tsiraru a 2019.

Tambayar da wannan cibiya take bi ba baƙuwa ba ce ga Hausawan da ke zaune a matsayin tsiraru a Kamaru ko Chadi ko Gana ko Sudan: yaya al'umma take riƙe harshenta da waƙarta a ƙasar da wasu harsuna suka fi rinjaye, kuma wa zai naɗe wannan gado ya adana kafin tsofaffin makaɗa su shuɗe? Makarantar da ta kori mutane saboda asalinsu a 1938, yau tana da cibiyar nazarin waƙoƙin tsiraru.