Nauyin ƙafa da kumburinta bayan dogon zama: bayani ga 'yan kasuwa da matafiyan Kudu

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano zuwa Onitsha yana da tafiyar da ta haura kilomita 800 a gabansa, ta Kaduna da Abuja da Lokoja, kuma galibi a kujera ɗaya zai yi ta, gwiwoyi a lanƙwashe, jaka a tsakanin ƙafafu. Idan ya sauka, zaman bai ƙare ba. A Kasuwar Ochanja da kewayenta, kamar a unguwannin Hausawa na Enugu da Fatakwal, tela da mai gyaran takalma da mai tsaron shago duk a kan benci suke wuni. Da yamma sai a ji ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, bakin safa ya bar shaida a fata. Mutane da dama kan ce gajiya ce kawai. Sau da yawa kuwa jini ne ya kasa komawa sama.

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma dawowarsa aikin tsoka ne. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini akwai wasu 'yan murafe masu buɗewa ta sama kaɗai, waɗanda malamin likitanci Fabricius na Jami'ar Padua a Italiya ya yi bayaninsu a 1603, ɗalibinsa William Harvey kuma ya kafa hujja da su a 1628 cewa jini zagayawa yake yi. Duk sa'ad da mutum ya taka, tsokar sha-raɓa, wato naman bayan ƙwauri, tana matse jijiyoyin, jini ya hau, murafen su rufe don kada ya dawo. Shi ya sa likitoci ke yi mata laƙabi da zuciya ta biyu. Idan aka zauna, wannan famfo ya tsaya cik. Jini ya taru a ƙasa, ruwansa ya riƙa tsatsafowa cikin nama, ƙafa ta cika.

Ga mai lafiyayyun jijiyoyi, 'yar tafiya ta wadatar. Matsalar tana ga wanda murafensa suka saki, ko saboda gado, ko shekaru, ko ƙiba, ko yawan ɗaukar ciki, ko wani gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar. Shi ne za a ga jijiyoyi sun murɗe sun fito ruɗu-ruɗu a bayan ƙafa, ga ƙaiƙayi, ga ɗaurewar tsoka cikin dare. Alamar da ke bambanta wannan ciwo ita ce yana tsananta da yamma da lokacin zafi, yana sauƙi idan aka ɗaga ƙafa ko aka kwana. Idan aka yi sakaci na shekaru, fatar idon sawu ta yi duhu ta yi tauri, ƙarshenta ta fashe ta zama gyambo mai wuyar warkewa.

Sauƙin yana cikin motsi, kuma ba ya bukatar kuɗi. Mai zaman shago ya miƙe duk rabin sa'a ko sa'a guda, ya taka ko da zuwa bakin layi ne. Idan ciniki ya hana, ya kafa yatsu a ƙasa ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa, sannan ya kafa dunduniya ya ɗaga yatsu. Gajeriyar kujera mai sa gwiwa ta naɗe sosai, da benci mai kaifin baki da ke danne bayan cinya, dukansu suna ƙara takure jijiyoyi. Haka ma harɗe ƙafa na dogon lokaci. Tashi zuwa masallaci sau biyar a rana hutu ne na gaske ga ƙafa, sai dai tsakanin Asuba da Azahar akwai sa'o'i bakwai ko fiye, kuma a nan ne galibin zaman kasuwa yake. Da dare a kwanta a ɗora ƙafafu bisa matasai har su zarce tsayin ƙirji, na kamar minti 15 zuwa 30. Ɗora su a kan kwali alhali ana zaune yana ɗan taimakawa, amma bai kai wancan ba.

Akwai safa ta musamman mai matse ƙafa, wadda ta fi ƙarfi a idon sawu ta riƙa sassautawa zuwa gwiwa. Da safe ake sa ta, kafin kumburi ya fara. Gaskiya tana da zafi a yanayin Onitsha, shi ya sa da yawa ke jefar da ita bayan mako guda, amma ita ce ginshiƙin maganin. Sai dai a auna ƙafa kafin a saya, kuma mai ciwon suga ko wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke kada ya sa ta sai likita ya duba shi. Ɗaure ƙafa da ƙyalle ko roba ba madadinta ba ne, toshe hanya yake yi.

Haɗarin da ya fi girma shi ne daskarewar jini a jijiya mai zurfi. A 1940, lokacin da ake ruwan bama-bamai a Landan, likitan binciken gawa Keith Simpson ya lura mutane na mutuwa bayan sun kwana a zaune bisa kujeru a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa: gudan jini ne ke ɓallewa daga ƙafa ya toshe huhu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin yana ninkawa kusan sau biyu bayan tafiyar sa'o'i 4 ko fiye a zaune, a jirgi ne ko a mota, ko da yake ya rage ƙanƙane, kimanin mutum 1 cikin 6,000. Tafiyar Kano zuwa Onitsha ta ninka sa'o'i huɗun nan sau da yawa. Don haka duk inda direba ya tsaya a sauka a taka, kuma kada a ƙi shan ruwa don gudun fitsari, al'adar da ta zama ruwan dare a manyan motocin dare. Masu juna biyu, da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da masu sikila, su ne suka fi bukatar kula.

Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, da zafi da ciwo a sha-raɓa, ba ta bukatar tausa ko ƙaho ko tsagar wanzami. Tana bukatar asibiti a ranar. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko aka yi tarin jini, to ba a jiran gari ya waye. Ana gano gudan jinin da na'urar hoto ta Doppler, ana kuma magance shi da magungunan tsinka jini. Manyan asibitocin yankin sun haɗa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, da na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla kusa da Enugu, da na Jami'ar Fatakwal.

Kumburin ƙafa biyu a lokaci ɗaya kuma yana iya fitowa daga zuciya ko ƙoda ko hanta, ko daga maganin hawan jini irin su amlodipine. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac, da ake saye a kyamis ana sha kullum, suna riƙe ruwa a jiki, suna kuma iya lahanta ƙodar.