Kunyar Gwajin Bakin Mahaifa: Daga Ina Ta Faro?



Kwanakin baya na shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zan yanki atamfar biki. Mai shagon tsohuwar ƙawar yayata ce, mace mai baki, wadda in ana ciniki ko namiji ba ya ja da ita. Muna cikin hira na tambaye ta ko ta taɓa yin gwajin bakin mahaifa. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Haba ƙanwata! Lafiyata lau, in je in kwanta in buɗe wa wani jikina? Ai ko haihuwa don ba yadda zan yi ne." Na ce, "Yaya, daga nan zuwa asibitin Barau Dikko fa tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep." Ta ce ita ba nisan ne ya dame ta ba.

Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan ce mata kunya ba ta da amfani ba, don da ita aka raine mu. Sai dai ita wannan kunya da fargaba ta gadon likita tana da tarihi, gwajin ma yana da nasa, kuma mata ne a tsakiyar duka biyun.

Mu fara da ƙarfen nan da ake sa wa mace don a ga bakin mahaifa, wanda wasu ke cewa ya yi kama da bakin agwagwa, don shi ne abin da ya fi tayar wa mata hankali. Likitan da sunansa ya fi fita a tarihin irin wannan ƙarfe shi ne Marion Sims, wanda ya yi aiki a garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka wajajen 1845 zuwa 1849. Yana neman hanyar ɗinke yoyon fitsari ne, cutar da mu a nan Arewa ba sai an yi mana bayaninta ba. To a jikin wa ya koya? A jikin bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba, kuma baiwa ba ta da bakin cewa a'a. Sunayen uku daga cikinsu sun tsira: Anarcha da Betsey da Lucy. Ita Anarcha an yi mata aiki har kusan sau 30. Sai a 2018 aka cire gunkin Sims daga babban lambun birnin Niyok saboda wannan aika-aika. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce tsoron da mace ke ji jahilci ne. An daɗe ana taɓa jikin mata ba tare da an nemi izininsu ba, kuma har yau akwai wadda tsawar da aka yi mata a ɗakin haihuwa ce ta sa ta rantse ba ta ƙara hawa gadon asibiti.

Shi kuwa gwajin, labarinsa daban ne, kuma na san zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Girka, Joj Papanikolau, ya sauka Niyok da matarsa Meri, ba kuɗin kirki, ba Turanci. Aikin da ya fara samu shi ne sayar da darduma a wani babban kanti, ita kuma tana ɗinka maɓallai. Daga baya ya samu gurbin bincike a Jami'ar Cornell, inda ya fara da ɓeran masar: yakan lakato ɗan ruwa daga gaban macen, ya shafa a gilashi, ya duba da madubin likita, ya gane inda take a zagayen haihuwarta. Daga nan sai ya so ya gwada a jikin ɗan Adam. Meri ce ta ce ga ta. Shekara 21 ana ɗaukar samfur daga jikinta kusan kullum. Ke da ake roƙo ki yi sau ɗaya a 'yan shekaru, ki dubi wannan baiwar Allah. Har ƙawayenta ta shawo kansu suka bayar da nasu.

A 1928 Papanikolau ya sanar da likitoci cewa ana iya ganin ƙwayoyin sankara a irin wannan shafe, amma suka yi ko oho da shi. Sai a 1943, da shi da wani likitan mata, Herbert Traut, suka fitar da littafi a kan aikin, sannan duniya ta saurara. Sunansa ne aka gajarta ake cewa gwajin Pap. Ƙasashen da suka riƙe gwajin da gaske, kamar Ingila da ta kafa tsarin aika wa kowace mace takardar gayyata a 1988, sun ga mace-macen wannan ciwo sun ragu sosai.

Dalilin da ya sa gwajin ke aiki shi ne amsar maganar ƙawar yayata, "lafiyata lau". Sankarar bakin mahaifa ba ta faɗowa dare ɗaya. Takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ginuwa a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, kuma a duk tsawon lokacin nan ba ciwo, ba jini, ba wari. A wannan tsakanin ne ake iya ganin wurin da ya fara sauyawa, a ƙone shi ko a daskarar da shi, mace ta koma shagonta. In kuwa aka jira sai jini ya fara zuba bayan saduwa, ko bayan an daina al'ada, ko ruwa mai wari ya ƙi tsayawa, sau da yawa magana ta koma ta tiyata da gashi, ta zaryar asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da sayar da jari. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Wato mai lafiya ita ce ake nema da gwajin.

Akwai kunya ta biyu, wadda ta fi ta tuɓe zani nauyi. A 1983 da 1984 wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa suka gano nau'o'i biyu na ƙwayar cutar HPV a cikin wannan sankara, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2008. Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa, kuma daga nan ne gulma ta samu ƙofa: "Ai ciwon masu yawo ne." Wallahi wannan magana ta cuci mata. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, yakan gamu da ƙwayar nan a rayuwarsa, galibi jiki ya kore ta ba a sani ba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka, kuma ƙwayar na iya kwanciya shekaru, don haka sakamakon gwaji ba ya nuna ranar da aka ɗauka, balle a kafa shari'a da shi tsakanin miji da mata ko tsakanin kishiyoyi. Mace mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa haɗarinta ya ninka har sau shida, ita ya kamata ta riga kowa zuwa.

Tun daga zamanin Meri, gwajin sauƙi yake ƙarawa. An zo da hanyar shafa ruwan binega a bakin mahaifa: ma'aikaciyar jinya ta haska fitila, wurin da ya lalace ya yi fari, a ba ki amsa nan take. Wani babban bincike a Mumbai ta Indiya, da aka bayyana a 2013, ya nuna wannan hanya ta rage mutuwa da kusan kashi 31 cikin ɗari. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin ƙwayar HPV shi ne kan gaba, kuma mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta, da ɗan tsinke mai auduga, ita kaɗai a bayan labule. Ba kowane asibiti ke da shi ba tukuna, amma tambaya ba laifi ba ce. Burin hukumar tun 2020 shi ne mace ta yi gwaji kafin ta wuce 35, ta sake kafin ta wuce 45. 'Ya'yanmu kuma sun samu abin da ba mu samu ba, don a Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta.

To, in kin yi niyya, ki shiga da bakinki na kasuwa. Tun a wajen yankar kati ki ce mace kike so ta duba ki. In an ce ba ta nan, ki tambayi ranar da take zuwa. Ki zaɓi lokacin da ba kya al'ada, ki ɗaura zani ko ki sa doguwar riga, don ba sai kin tuɓe duka ba, ki riƙe mayafi ki rufe cinyoyinki. Ki ce a nuna miki ƙarfen kafin a fara, akwai ƙarami akwai babba. Ki faɗa musu wannan ne karonki na farko kuma gabanki na faɗuwa. Ki riƙa jan numfashi a hankali kina sakewa, da addu'arki a baki, don ɗaure jiki ne ke ƙara zafin. In ya yi zafi ki ce a tsaya, dole a tsaya. Duka-duka abin bai fi minti biyar ba.

Ƙawar yayata dai ta ce sai in zan raka ta, kuma sai ta samu mai tsare mata shago. Maƙwabciyarta mai sayar da leshi, da ke ta kasa kunne tun ɗazu, ta leƙo ta ce za ta tsare, amma da sharaɗi: mako na gaba ita ma a tsare mata nata.