Zare: Tarihin hayaniyar lantarki, daga wayar Bell zuwa famfon ban ruwa

1/ Jama'a, duk ɗalibin injiniya da ya taɓa haɗa Arduino da famfon ruwa ya san wannan ciwon: a kan tebur komai lafiya lau, da an kunna famfo sai allon ya mutu ya sake tashi. Wasu su ce waya ce ta kwance, wasu su ce kayan jabu ne. Sau da yawa hayaniyar lantarki ce, kuma tarihinta ya haura shekara 140. Ku biyo ni.

2/ Hayaniya a nan ba ƙarar da kunne ke ji ba ce. Wuta ce da ba a gayyata ba, take shiga waya daga mota, janareta, tsawa ko wata wayar da ke kusa. Kun san shuuu ɗin da rediyo ke yi idan an tayar da janareta a kusa? To ita ce.

3/ A 1836 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa idan ka kewaye wuri da ƙarfe, cajin lantarkin waje ba ya shiga ciki. Shi ya sa har yau kebul ɗin dish ke da ragar ƙarfe a ƙarƙashin robarsa.

4/ Layukan tarho na farko waya ɗaya ce, ƙasa ce ke dawo da wutar. Da wayoyin telegiraf da na lantarki suka yawaita kusa da su, sai magana ta riƙa cakuɗewa da ƙara. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa waya biyu tare: hayaniya ta shiga su daidai wa daida, a ƙarshen layi ta soke kanta. Yanka kebul ɗin intanet ka gani, murɗin yana nan.

5/ 1934 shekara ce mai muhimmanci. A cikinta aka kafa CISPR, hukumar duniya mai tsara iyakar hayaniyar da na'ura za ta fitar. A cikinta kuma wani ɗalibi a Amurka, Otto Schmitt, yana nazarin jijiyoyi, ya ƙirƙiro da'ira mai iyaka biyu: ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka. Ƙaramar girgiza a tsakaninsu ba ta sauya amsa. Ɗalibi fa, kamar ni da kai.

6/ Da maikurokwanturola suka shigo kasuwa, TMS1000 a 1974, Intel 8051 a 1980, sai matsalar ta zama biyu: suna jin hayaniya, suna kuma haifar da ita. A 1979 hukumar FCC ta Amurka ta sa wa kwamfutoci iyaka, har kwamfutar TRS-80 ta farko ta bar kasuwa a 1981, don tana damun rediyo da talabijin.

7/ Mu dawo gida. Arduino ya fito daga Ivrea ta Italiya a 2005, yanzu shi ne abokin furojet ɗin ɗalibai daga Wudil har BUK. ATmega328P ɗin da ke kan Uno yana aiki da bolt 5. Ƙasa da 1.5 sifili ne a wurinsa, sama da 3 ɗaya ne. Hayaniyar da ta tsallake wannan tazarar ta zama umarnin ƙarya.

8/ A Gafasa da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, inda na'urar za ta yi aiki ya fi dakin gwaji tsanani: janareta, doguwar waya zuwa rijiya, tsawar damina. Ga hunturu, lokacin da iska ta bushe har ka taɓa ƙofar mota ta ja ka. Kafin jiki ya ji wannan jan, cajin ya kai kusan bolt 3,000. Ƙasa da haka ma na iya lalata cif.

9/ Abin da tarihin ya bar mana:
• kondansa 100nF dab da ƙafar wutar kowane cif
• dayod a kan koyil ɗin rile, ya shanye wutar da ke dawowa idan an kashe
• wutar mota daban, ta allo daban
• murɗa wayar sensa, ka nisanta ta da ta famfo
• shimfiɗar ƙasa mai faɗi a kan allo, ba siririn layi ba

10/ Kar ka bar ƙafar shigarwa a sake, ja ta sama da rezista 10k. Ka kunna agogon tsaro na cikin cif ɗin, wanda ke sake tayar da shi idan manhaja ta maƙale.

11/ Me ya sa na damu? A jami'a allo ya maƙale, maki ka rasa. A gonar rani ya maƙale famfo na kunne, rijiya ta ƙafe, famfo ya ƙone, manomi ya rasa jarinsa da amfanin shekara. Kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da kayan da yaran gida suka haɗa ba.

12/ Don haka kafin ka kai wa baba ko kawu na'urarka, gwada ta kusa da janareta, da famfon gaske, da tsawon wayar gaske, ka kunna ka kashe sau ɗari. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allah. A tura wa 'yan ajin ƙarshe.